Ɗakin Medamo Mai Kusurwa Huɗu

Mutanen Nemakelo a kan tsauni suke zaune tun zamanin da ba wanda ya tuna, ganuwar dutse uku ta kewaye su, ɗaya bayan ɗaya. Da Rumawa suka ci ƙasar, sai suka aiko manzo ya ce a sauko kwari a zauna bakin hanya, tunda yaƙi ya ƙare. Dattawan wancan lokaci suka karɓe shi hannu bibbiyu, suka cika masa ciki da gurasar ƙwallon kurmi, wato 'ya'yan itacen dajinsu, da man shanu, suka ce to, za a sauko. Shekara saba'in ke nan ana shirin saukowa. Har yanzu duk kaka sai an fita an gyara ganuwa, ko da yake ban da iska da awaki ba abin da take tarewa.

Wanda ya sauka da gaske shi ne Medamo, ɗan maginin garin. Ya ɗauki matarsa Apana suka tafi Birakara, birnin Rumawa, ya shekara goma sha biyu yana ɗora dutse a kan dutse a gidajen manya. Da mahaifinsa ya rasu garin ya rasa magini, sai ya dawo da matarsa da 'ya'ya mata uku, gemu a aske, a ƙugunsa kuma wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu, wanda ake auna kusurwa da shi. Ɗakin mahaifinsa ya riga ya zama na wansa. Saboda haka suka sauka wurin Katuro, yayan Apana, a ɗakin da ke da mutum takwas tun kafin su zo, da niyyar su ɗan lallaɓa har Medamo ya gina nasa.

Duk ɗakin da ke Nemakelo zagayayye ne, kuma yin sa ba wuya. A kafa turke, a ɗaura igiya, a ja ta a zagaya ana zane ƙasa da tsinke, inda zanen ya bi nan bango zai bi. Da haka mahaifin Medamo ya gina rabin garin.

"Wannan ai aikin akuya ne," in ji Medamo. "A ɗaure ka a turke ka yi ta zagaye. Ni zan nuna muku yadda ake gini a duniya."

Ya fara da bazara. Kafin bango ya kai ƙirji, kallon ginin ya zama sana'ar marasa aiki. Wata rana tsoho Reburo, wanda ya fi kowa shekaru a garin, ya zo da sandarsa ya bi bangon a hankali yana shafawa, har ya iso inda bangon ya ƙare ya juya. Ya tsaya ya leƙa can, ya leƙo nan.

"Ɗan nan, bangonka ya karye a nan."

"Ba karyewa ya yi ba, Baba. Kusurwa ce."

"Me ake yi da ita?"

"Ita ke riƙe ɗakin."

"To namu me ya riƙe su?"

Medamo ya ce haka ake yi a Birakara.

"Guda nawa ka yi?"

"Huɗu, Baba."

"Har huɗu." Reburo ya girgiza kai. "Mahaifinka ya shekara hamsin yana gini bai taɓa yin irin wannan kuskure ko sau ɗaya ba. Kai ka yi huɗu a ɗaki guda."

Medamo ya yi murmushin wanda ya ga duniya, ya ci gaba da aikinsa. Kafin a gama tara ƙwallon kurmi ɗakin ya tsaya, an rufe shi da jan yumɓu gasasshe da aka hau da shi a bayan alfadarai. Gaskiya gini ya yi kyau. Ko masu dariya sun yarda ba inda wuƙa za ta shiga tsakanin dutse da dutse.

Amma a Nemakelo sabon ɗaki ba ya zama ɗaki sai akushi ya zaga shi. Kafin nan ba a kwana a ciki, ba a ɗora tukunya. Magidantan garin za su shiga su zauna a dakalin da ke bin bango, babba a dama da ƙofa, mai bi masa a gefensa, haka har a zagayo ga ƙarami a hagu da ƙofa. Babban zai hura wuta a tsakiya, a miƙa masa akushi cike da giyar sha'ir, ya kurɓa ya miƙa gaba. Ba a tashi, ba a tsallake kowa, ba a ajiye akushin a ƙasa, kuma dole ya dawo hannun babba da ɗan saura da zai zuba wa murhu. Sau biyu ake cika wa ɗaki akushi. In ya faɗi na biyu, sai a kware rufi a zuba awaki a ciki. Akwai wani ɗaki kusa da ƙofar arewa da aka yi wa haka, mai shi ma ya bar garin don kunya.

"Maigida, ka auna dutse, ka auna katako," in ji Apana ana gobe za a zauna. "Ka auna dattawa kuwa?"

"Na auna su. Magidanta goma sha takwas, kowa na ba shi faɗin mutum da rabi. Ba su taɓa zama a wadace irin na gobe ba."

"Ba mazaunansu nake nufi ba," in ji ta, ta ci gaba da niƙa.

Da hantsi dattawa suka shigo a jere. Reburo ya zauna a dama da ƙofa. Talabo, na biyu a shekaru, wanda kunnensa ya yi nauyi amma maƙogwaronsa lafiya lau, ya zauna a gefensa. Na uku shi ne Tongiyo, tsoho mai ciwon baya da saurin fushi. Ya lalubi dakali ya zauna, sai ya ji bango a kafaɗar dama, ya ji wani bangon a ta hagu. Ya faɗa kusurwa.

Aka hura wuta, aka kawo akushi. Reburo ya kurɓa ya ba Talabo. Talabo ya kurɓa, ya ƙara, ya miƙa. Tongiyo ya harɗe hannuwa a ƙirji.

"Reburo, kana ganina?"

"Ina dai jin muryarka."

"Ni wuta nake nema. Ga ta can ina hangowa kamar wutar wani gari. Ku dubi wancan," ya nuna wani magidanci da bai fi shekara biyu da aure ba, wanda ya dace da tsakiyar bango yana gasa ƙafafu. "Ni na riƙe ubansa ranar da aka haife shi. Shi yana shan ɗumi, ni an cusa ni a rami."

"Baba, ba rami ba ne," in ji Medamo daga wurinsa, don shi ma yana cikin zagayen, na goma sha biyu. "A Birakara..."

"Rufe mini baki da Birakara, ɗan Rum! Shekara hamsin ina matsawa a kan dakali. Duk wanda ya mutu in matsa gurbinsa, in matsa, in matsa, har na zama na uku. Ashe wannan lungun nake ta matsowa in faɗa."

A ɗakin zagaye kowa da nisansa guda da wuta, babba da yaro, kowa yana ganin fuskar kowa. Abu ne da ba wanda ya taɓa lura da shi sai yau da aka rasa shi. Sauran ukun da suka faɗa sauran kusurwoyin, da dai sun yi shiru, amma da suka ji Tongiyo sai su ma suka tuna suna jin sanyi.

Medamo ya ce to a ɗan matsa, Baba Tongiyo ya fito. Aka matsa, na huɗu ya ga shi zai shiga, ya kafe ƙafa ya ce ko gawarsa. Medamo ya ce to a sa ƙananan magidanta a kusurwoyin. Aka ce wato yara su sha kafin iyayensu? Medamo ya ce, "To a bar kusurwoyin ba kowa mana."

A Nemakelo ba a barin gurbi a dakali sai na wanda ya mutu a shekarar.

"Gurbi huɗu," in ji Reburo a hankali, yana duban na biyu da na uku da na huɗu. "Ɗan nan, ni ne na farko a layi. Kada ka yi mini gaggawa."

Gardama ta kaure. Wannan ya kawo maganar kakansa, wancan ya kawo ta kakan kakansa. Duk wannan lokacin akushi yana hannun Talabo, wanda bai ji ko rabin abin da ake faɗa ba. Akushi ne na itace mai nauyi, hannun tsoho kuma ba ya jure riƙo. Sai ya ga hanya ɗaya ce ta rage nauyin. Ya rage, ya sake ragewa. Sa'ad da aka tuna da shi, kansa ya langaɓe a kafaɗar Reburo yana minshari, akushin ya zame ta kan gwiwarsa ya kife a ƙasa, ko ɗigo bai zuba ba.

Reburo ya dogara sandarsa ya miƙe. "Akushi ya faɗi. Saura ɗaya. Nan da kwana tara, kafin ruwan hunturu ya sauko." A ƙasar da hunturu ake ruwa.

Kwana biyu Medamo bai iya cin abinci ba. Ɗakin Katuro ya ƙara yi masa ƙunci: mutum goma sha uku, da kare, da hayaƙi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne surukin nasa ya fara zuwa sabon ɗakin yana auna shi da taki.

"Ba wani abu ba ne," in ji Katuro. "Ina dai duba ko zai ɗauki awaki talatin. Nawa ba su da girman kai, za su kwanta a kusurwa."

Rana ta uku Apana ta miƙa masa bargo.

"Tashi ka sauka dutsen marasa lafiya."

"Ni lafiyata ƙalau."

"Mutumin da ba ya ci, ba ya barci, yana magana shi kaɗai da ƙarfe? Sauka. Ruwa ya kusa, kuma na gaji da kwana ƙafar matar Yaya a wuyana. Wataƙila wani ya taɓa yin ciwon kusurwa ya warke."

A gindin tsaunin, bakin hanyar Rumawa, akwai faffaɗan dutse inda ake kwantar da wanda ciwonsa ya gagari gida, don duk matafiyin da ya taɓa yin irinsa ya faɗi abin da ya sha. Medamo ya sauka ya zauna a kai, ya lulluɓa, yana fatan kada wanda ya san shi ya wuce.

Ta farko wata tsohuwa ce mai tallan gishiri daga bakin teku. Ta sauke kwandonta ta saurari labarin daga farko har ƙarshe tana gyaɗa kai, sannan ta ce ya shafa man shanu da gishiri safe da yamma.

"A ina, Inna? A jikina ko a bangon?"

"Duk inda ya fi damun ka, ɗana."

Wani mai alfadarai ya ce a rushe ɗakin. Wani ya ce a jira Tongiyo ya mutu, amma da ya ji na huɗu ma ya ƙi, sai ya ce to abin da yawa, ya wuce.

Da rana ta take sai Rufu ya fito. Tsohon sojan Rum ne da ya gama aiki aka yanka masa gona a kwarin, ya auri 'yar ƙasar, ya yi tumbi. Gonarsa tana daura da dutsen, an yanke ta gida-gida da shingen duwatsu, kowane gida kusurwa huɗu cif. Ya san Medamo tun a Birakara. Ya zauna ya ji matsalar, ya yi dariya har da hawaye.

"Magini, ai laifinku ne da kuke ci a zaune. Mu a kwance muke ci. Gado uku, mutum tara, kusurwa kuma ta fitila ce. Ka kwantar da su."

Medamo ya hango Talabo a ransa, a kwance da akushi a ƙirji. Ya ce ya gode.

"To ni ban san wani magani ba," in ji Rufu. "Komai na ƙasar nan haka yake. Dubi wancan shegiyar." Ya nuna wata baƙar akuya da ya ɗaure a tsakiyar ɗaya daga cikin gidajen gonar don ta cinye masa ciyawa. "Kwana huɗu tana nan. Ta share tsakiya tas, ta bar mini kusurwoyi huɗu da ciyawa har gwiwa. Ita ma 'yar garinku ce."

Rufu ya koma gida. Medamo ya zauna yana kallon akuyar. Ta ja igiyarta ta miƙe tsam, ta bi ta zagaya tana neman abin da ya rage. Inda ta ci ya fito fili zagayayye sak, kamar mahaifinsa ne ya zana shi, gefensa yana taɓa shingen a wuri huɗu. Shingen yana nan da kusurwoyinsa, ba wanda ya rushe shi. Akuyar ta ɗaga kai ta dube shi tana tauna.

Ya daɗe kafin ya miƙe, don abin da ya gani bai yi masa daɗi ba. Sannan ya naɗe bargonsa ya hau tsaunin, ya wuce kai tsaye ɗakin wansa.

"Yaya, turken Baba da igiyarsa suna nan?"

"Na aikin akuya?" in ji wan.

"Su," in ji Medamo, idonsa a ƙasa.

Ya rufe ƙofar sabon ɗakin da fata, ya hana kowa leƙe. Ya kafa turken a tsakiyar murhu, ya ja igiya, ya zagaya da tsinke. Ya rushe dakalin da ya yi mai bin bango, ya gina sabo a kan zanen, zagayayye, da majingina ta dutse mai kai wa kafaɗa. Kwana biyar ya yi yana aikin. Da ya gama, kusurwoyin huɗu suka koma bayan majingina, kowace kamar ƙaramin rumbu marar rufi.

Apana ta shigo ta duba. Ta leƙa kusurwa ɗaya, ta leƙa ta biyu, idonta ya fara ƙyalli.

"An hana kwana, an hana girki. An hana ajiya?"

"Ba a hana ba."

Kafin yamma ta zuba ƙwallon kurmi na shekara a ɗaya, ta jingina masaƙarta a ta biyu, ta jera tuluna a ta uku. Ta huɗun, wadda ke bayan wurin zaman mutum na uku, ta bar ta.

"Wannan fa?"

"Wannan tawa ce. Kai dai ka ji da dutse."

Medamo bai saki jiki ba, don labari ya iso masa cewa Tongiyo yana ta faɗa a bakin maɓuɓɓuga cewa ko an shafe ɗakin da zuma ba zai karɓi akushi a akwatin Rumawa ba.

Ranar ta zo da gajimare baƙi ƙirin daga wajen teku. Dattawa suka shigo a jere kamar wancan karon, suka tsaya cirko-cirko. Daga waje sun ga akwati, daga ciki ga ɗaki irin na kowa.

"Ina kusurwoyin?" in ji Tongiyo.

"Suna bayanku, Baba."

"A bayana? Ni tunda nake ban taɓa ba wa abin da ban yarda da shi baya ba."

"Zauna tukuna, Tongiyo," in ji Reburo. "A zaune ake ƙin akushi, ba a tsaye ba."

Aka zauna. Zagayen ya fi tsohon dakalin gajarta, don haka kafaɗa ta haɗu da kafaɗa yadda aka saba. Tongiyo ya zauna a ƙage, baki a tsuke, ya harɗe hannuwa tun kafin a hura wuta. Can sai ya ɗan jingina. Ya ɗago da sauri, ya waiga, ya sake jingina a hankali. Girarsa da ta shekara a haɗe ta fara rabuwa.

A gindin ganuwa ta biyu akwai ɗakin wanka na garin, inda ake gasa duwatsu a zuba musu ruwa a sha tururi. Ƙofarsa ɗan rami ne a ƙasan wani babban dutse, sai da rarrafe ake shiga. Shekara goma ke nan ciwon bayan Tongiyo ya hana shi rarrafe. Tun da sassafe Apana da 'ya'yanta suka yi ta jido gasassun duwatsu daga can a cikin tukwane, suka tara su a kusurwa ta huɗu, jikin majingina.

Reburo ya shaƙi iska. "Wa ya hura wuta a ɗakin nan kafin ni?"

"Ba wuta, Baba," in ji Apana daga bakin ƙofa, inda mata suke tsayawa. "Duwatsu ne na ajiye. An ce ba a hana ajiya ba."

Reburo ya yi nazari, ya ga ba inda doka ta ambaci zafin dutse. Ya hura wuta, ya karɓi akushi, ya kurɓa, ya miƙa wa Talabo, amma bai saki gefensa ba sai da ya ga ya kurɓa sau ɗaya. Talabo ya miƙa gaba da fuskar wanda aka zalunta.

Tongiyo ya dubi akushin, ya dubi jama'a, ya warware hannuwansa ya karɓa. Ya kurɓa. Ɗakin ya sauke ajiyar zuciya. Na huɗu ya miƙo hannu.

Tongiyo ya ɗora akushin a cinya, ya gyara jingina, ya lumshe ido.

"Tongiyo, miƙa," in ji Reburo.

"Ina gaggawa? An ce kada a tashi, kada a ajiye. Ban ji inda aka ce a yi sauri ba."

Ya sake kurɓa. Ya san da akushi ya gama zagaye za a watse, shi kuwa bayansa bai ji irin wannan daɗi ba tun matarsa tana da rai. Ya kurɓa na uku. Medamo yana hango giyar tana sauka, ga mutum goma sha biyar ba su sha ba, ga rabon murhu. A waje aka yi tsawa ta farko. Katuro, da ke zaune na tara, ya fara ƙirga wani abu da yatsu, kuma Medamo ya san awaki ne.

"Baba Tongiyo," in ji Medamo, "don girman Bandu, abin bautarmu mai tsaron ganuwa..."

"Kai, ɗan Rum, ba a yi wa babba magana yana sha."

Sai Apana ta yi gyaran murya daga ƙofa.

"Baba, ku sha a hankali, ba mai kora. Sai dai duwatsun nan kafin rana ta karkata sun huce. In ɗakin ya zama namu, kullum da safe zan gasa wasu, wurin nan kuma naku ne. In ya zama na awaki, to sai ku yi magana da awakin."

Tongiyo ya buɗe ido ɗaya. Ya dubi cikin akushin, ya dubi tsawon layin da ya rage, ya buɗe ɗayan.

"Karɓi mana!" ya daka wa na huɗu tsawa. "Ka zauna kana kallona kamar ba ka san doka ba. Jiƙa leɓe kawai, ba ƙishirwa aka ce ka kashe ba. Miƙa!"

Daga nan shi ya zama mai gadin akushi. Ya bi shi da ido daga hannu zuwa hannu yana zagi. Da ya iso ga Katuro, surukin ya ɗaga shi da hannu biyu kamar zai kafa kai.

"Katuro! Ina ganin maƙogwaronka. In ya motsa sau biyu, sandar nan za ta same shi."

Ya motsa sau ɗaya. Medamo da nasa ya zo ko haɗiya bai yi ba. Akushi ya bi ta hannun ƙarami, ya tsallaka bakin ƙofa, ya dawo ga Reburo. Tsohon ya karkata shi ga haske, ya ga ɗan abin da bai fi cikin cokali ba yana rawa a gindi. Ya zuba wa murhu. Wutar ta ce cuu.

"Ɗaki ya zama ɗaki," in ji Reburo.

Kafin dattawa su kai gidajensu ruwa ya ɓarke. Apana ta ɗora tukunyar farko, yaran suna ta tsalle suna dariyar yadda ruwan ke kiɗa a kan rufin yumɓu, don jinka ba ta taɓa yi musu haka ba. Medamo ya zauna a dakalinsa ya miƙe ƙafafu har iyakarsu, ba wanda ya taka.

Washegari da gari ya waye ya ɗaga fatar ƙofa, sai ga Tongiyo a tsaye da sandarsa.

"An gasa?"

Haka aka yi hunturun nan duka. Tongiyo ya zo da safe, ya tafi da yamma, ya ci abin da aka ci, ya gyara wa Apana yadda ake saƙa, ya gyara wa yara yadda ake gaisuwa, ya gyara wa Medamo yadda ake gini. Matan garin kuma suka yi ta shigowa aron gishiri, kowace sai ta leƙa bayan majingina, ta ga tuluna a jere, ta ga tsakar ɗaki fayau ba tarkace, ta fita tana tunani.

Da bazara ta dawo, Tongiyo ya ja Medamo gefe, bayan ganuwa inda ba mai ji.

"Ɗan nan, hawan nan zuwa gidanka yana ba ni wuya. Ina so ka yi mini irin abin nan a nawa ɗakin. Ɗaya tak, a bayan inda nake zama. Kada ka yi huɗu, ni ba Barume ba ne."

Medamo bai taɓa karɓar aiki da sauri irin wannan ba. Washegari ya iso da turke da igiya a kafaɗa, ƙarfen awo a ƙugu. Ya fasa bangon ta baya, ya fitar da 'yar kusurwa guda mai tsini kamar hancin kare.

Ana cikin aikin sai ga Reburo da sandarsa. Ya bi bangon yana shafawa, har ya iso wurin. Ya leƙa can, ya leƙo nan.

"Tongiyo, bangonka ya karye."

Tongiyo bai ko ɗago daga inda yake zaune yana lura da aiki ba.

"Ita ke riƙe ɗakin," in ji shi.